Maina Tela da Takobin Angwaye

Ranar Talata, goma sha biyar ga watan Yuli na shekarar 2025, cikin watan Muharram, Mai kowa ya karɓi abin da ya ba mu aro. Maina Tela na Tudun Gawo, a karkarar Dungas, ya cika da hantsi a ɗakinsa bayan jinyar da ba ta daɗe ba, yana da shekara saba'in da ƴan kai. Ina zaure ina gyaran hauya aka aiko mini. Daga Allah muka fito, can kuma kowa zai koma, da mai sauri da mai jan ƙafa.

Iyalinka suka ce ni zan rubuta wani abu a kanka, Maina, tun da ni na riƙe alli a lakwal, wato makarantar boko, har gashina ya koma launinsa. Na ce su sake shawara. Kai ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonka, taubasai ke nan, kuma tun muna yawo ba wando ban taɓa faɗin alherinka a gabanka ba, kai ma ba ka taɓa faɗin nawa ba. Mun tsufa kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Matarka Fati ta ce ai shi ya sa suka zaɓe ni, don wani zai rubuta musu waliyyi, su kuwa mutuminsu suke so su gani a takarda. To, ga shi na zauna. In ka ji na yabe ka, ka yi haƙuri, dole ce ta sa.

Baƙon da ya bi ta rumfarka ranar kasuwar Dungas zai ɗauka wani tsohon barde ne ya tuba ya kama ɗinki. Ƙafa na taka keke, hannu na jan yadi, baki kuwa yana fagen fama. Labaran yaƙe-yaƙen Damagaram na da, da kirarin mazaje, da waƙoƙin da makaɗa suka yi wa masu fita yaƙi, duk suna kanka. Ka san sunayen takubba kamar na ƴaƴanka, ka san kansakali, ka san bisalami mai lanƙwasa, ka san yadda ake rataya hamila a kafaɗa don kube ya zauna daidai. Da aka buɗe rediyon karkara suka ba ka fili, har mata a tsakar gida suna daka suna sauraron muryarka. Kana da wani kirari da ka ƙaga wa takobi, wanda yaran garinmu suka haddace kafin su haddace karatuna: “Dogo na maƙera, mai kwana a tsaye, ka leƙo gari ya watse.”

Kakan ce takobi ya bar hannu ya koma baki. Yau ba mai fita yaƙi da shi, amma in mawaƙi zai ce rigima ta tashi sai ya ce an zare takobi, in an sasanta ya ce an mayar da shi kube. Mai wa'azi na ambatonsa, ɗan siyasa lokacin zaɓe na ambatonsa, har mata biyu in suka yi cacar baki a rijiya sai ka ji ana cewa sun zare wa juna. Ni da na koyar da yara rubutu ina jin daɗin wannan hira taka, ko da yake ban taɓa nuna maka ba. A ganinka, tun da aka fara ƙira ba a taɓa ba takobi aikin da ya dace da shi ba kamar a kokowar ƙasa, inda ake miƙa shi ga wanda ya kayar da kowa bai zubar da jinin kowa ba. Lokacin gasar kokowa kuwa, wanda ya kai maka ɗinki ya san sai an gama zai ga kayansa.

Kowane labarinka yana da wutsiya. Bayan an yi sara an yi suka, sai muryarka ta sauka, ka shiga faɗin abin da ya biyo baya: gidajen da aka rufe, gonakin da suka koma saura, matan da suka yi takaba rana ɗaya. Matsalar ita ce samari ba sa zama su ji wannan. Da sun ga ka fara sassauta murya sai wannan ya tuna da aike, wancan ya tuna bai ba awaki ruwa ba. Kakan ƙarasa labarin ga ni da wasu tsofaffi biyu masu gyangyaɗi.

Yanzu bari in faɗi abin da masu sauraron rediyo ba su sani ba. Wannan mutum da ya karkashe dubban mayaƙa da bakinsa bai taɓa yanka kaza ba. In Fati za ta yi miyar kaza sai ta aika maƙwabta. Ranar layya, da zarar liman ya iso da wuƙa, sai ka tuna akwai abin dubawa a bayan gida, ba ka dawowa sai an gama fiɗa. Na taɓa ganin allura ta soke ka a yatsa, ka ga ɗigon jini, ka nemi a ba ka tabarma ka kishingiɗa. Na yi shekara ina ba da wannan labari a kasuwa, kai kuma kana cewa ciwon kai ne ya zo daidai da allurar.

Ga kuma gobenka. Duk tela yana da gobe, amma taka ta fi ta kowa tsawo. Akwai rigar da na kai maka lokacin shuka, ban sa ta ba sai da aka ci sabon gero. Sai dai akwai kayan da ba su taɓa makara ba. Duk Sallah kakan tara ƙyallayen da suka rage, ka haɗa su riguna da wanduna, Fati ta bi gidajen marayu ta raba tun jajibere. Rigunan kan fito da launi huɗu ko biyar, kai kuma ka shaida wa yaran cewa sabon yayi ne daga Damagaram, har ƴaƴan masu hali suka riƙa kuka su ma a ɗinka musu irinsu.

Takobin gidanku ya zo maka ne ta wajen kawuna, mahaifinka, shi ma daga kakanmu. Kai kana cewa ya ga yaƙi bakwai. Ni ina cewa kakan kakan namu mai ɗaukar salkar ruwa ne a bayan rundunar, ya tsince shi a hanyar dawowa. Ko ma yaya ne, shi kaɗai ne takobi na gaske a karkararmu, kuma aikinsa ɗaya. A al'adarmu ango ba ya rabuwa da ƙarfe a kwanakin angoncinsa, don tsarin iska da mugun ido, kuma ba mai cire masa shi har ya fita daga angoncin. Tsofaffi na cewa wanda ya raba ango da ƙarfensa ya ɗauki alhakin duk abin da ya sami gidan nan har abada. Wasu kan rataya wuƙa, amma wanda ya ɗinka rigar aure a wajenka sai ka haɗa masa da aron takobi. Daga Guci har Sassumbrum, da wuya ka sami magidancin da bai taɓa rataya shi ba.

Da kakar shekara uku da suka wuce ne abin da nake so a sani ya faru. Kafin hukuma ta ba da ranar sakin gonaki ga makiyaya, shanun Zangon Ado suka faɗa gonar waken ɗana Salisu. Mutanen Zangon Ado maƙwabtanmu ne, suna noma suna kiwo, kasuwarmu ɗaya, akwai aure tsakaninmu. Amma waken nan shi ne abin da Salisu ya dogara da shi a shekarar. Ya tarar da shanun a ciki, ya tarar da mai su, Hudaifa, magana ta yi zafi, sanda ta shiga. Aka kawo mini ɗana da fasasshen kai, aka kai Hudaifa gida da karyayyen hannu.

Maigari ya kai maganar Dungas, aka ce za a sa ranar zaman sulhu. Aikin hukuma ba ya gaggawa, jinin samari kuwa ba ya jira. Na kira Salisu na yi masa magana, ya sunkuyar da kai ya ce to, amma na san irin wannan to ɗin. Abokansa na zuga shi, ana wasa barandami a bayan gari, kuma labari ya iso cewa su ma can ba barci suke ba. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba. Na san in suka fita, ko a kawo mini gawar ɗana, ko jandarmomi su tafi da shi da jinin wani a hannunsa.

Abu ɗaya ya tsayar da su, kuma daga bakinka ya fito. Ka sha faɗa a rumfa da rediyo cewa a zamanin da, Tudun Gawo ba ta fita faɗa sai an riƙe takobin gidanku a gaba. In bai fito ba, wanda ya tafi ya tafi da sunan kansa, ba mai bin sa, in ya dawo kuma ba mai zama da shi. Ba wanda ya taɓa ganin an yi haka a zamaninmu, amma samarin sun ji shi har ya zauna musu. Don haka da hantsi suka cika ƙofar zaurenka suna rera kirarin da ka ƙaga, Salisu a gaba da ɗaurin likita a ka. Ina zaune gefenka.

Salisu ya durƙusa ya ce, “Baba Maina, mun zo a ba mu takobin gari.”

Ka ci gaba da taka keke har ka kai ƙarshen yadin, ka gutsure zare da haƙori, sannan ka ɗago.

“Kun makara, ƴaƴana. Yana kafaɗar ango.”

Suka tambaya wane ango. Ka ce Mahdi na Zangon Ado, ƙanen Hudaifa, kuma wanda ya iya cire wa ango ƙarfe, ga hanya nan. Rabin waɗanda ke tsaye sun rataya takobin nan a nasu angoncin, har da Salisu, kuma ba wanda ya yarda ya ɗauki wannan alhaki. Daga baya na ji cewa tun da sassafe ka ɗaure takobin cikin rigar Mahdi ka ba ɗan kabu-kabu. Wannan ce riga ta farko a tarihinka da ta riga ranar alkawari isa.

Suka ce za su jira ango ya fita. Ka ce madalla, haƙuri ai halin mazaje ne. Abin da suka manta shi ne kaka lokacin aure ce, kuma ba wanda ya san jerin bukukuwan karkara kamar telan da ke ɗinka rigunan. Ranar da Mahdi ya fita, takobi bai biyo ta Tudun Gawo ba, ya wuce Guci wajen wani ango. Daga Guci ya yi Sassumbrum. Duk sanda samari suka zo sai ka nuna ɓacin rai, ka tafa hannu, ka ce wannan ɗan kabu-kabu ba ya jin magana. Da aka sami giɓi, ka je ka sami Modu mai shayi wanda ya sa bikinsa sai bayan wata, ka ce in ya matso da shi za ka ɗinka masa riga kyauta har da aiki a wuya. Modu ya matso da shi.

Wasu samarin sun fara sanyi, wasu sun tafi cin rani. Salisu dai bai sauko ba, don duk inda ya bi tabon kansa na tuna wa mutane an doke shi. Ranar sulhu ba ta zo ba, angwaye kuwa suka ƙare. Modu na gab da fita, kuma duk faɗin karkarar ba wani biki a gaba. Da la'asar ka shigo zaurena da ma'auninka a wuya, ba ko sallamar kirki, ka ce in miƙe. Na miƙe ina tambaya, ka fara auna kafaɗata. Na ce rigar wa za a ɗinka. Ka ce ta ango.

A nan sai in yi bayani. Uwar su Salisu ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Akwai kuma Mariya mai ƙuli-ƙuli, bazawara a unguwar yamma, wadda na yi shekara biyu ina zuwa sayen ƙuli-ƙuli a wajenta ban taɓa faɗin abin da ya kai ni ba. Na ɗauka ba wanda ya lura. Ashe garin duka ya lura. Na ce maka al'adar takobi ta saurayi ce, ba ta tsoho mai jikoki ba. Ka ce ango ango ne, kuma duk mai musu ya zo ya kawo nasa tarihin. Wa zai ja da kai a kan tarihi?

Ka ja ni har gidan Mariya, ka zayyana mata komai, ba ka ɓoye ko ɗaya ba. Ta saurara har ka gama, sannan ta dube ni, ba kai ba.

“Malam, shekara biyu kana sayen ƙuli-ƙuli, ga shi ba ka da haƙorin tauna shi. In don takobi kaɗai ka zo, ku nemi wata. In akwai wata magana, ga ni ga ka.”

Ni da na tsaya gaban aji shekara talatin, sai na waiwaya ina kallonka. Ka ɗauki butarta ka ce za ka yi alwala, ka fita, alhali ba lokacin salla ba ne. Na faɗa mata ina son ta, na daɗe ina son ta, kuma tsoro ne ya hana ni faɗa. Ta ce ta ji, a je a ga yayanta.

Ranar da Modu ya fita, ranar aka ɗaura nawa, takobi ya sauka daga kafaɗarsa ya hau tawa. Ina tuna Salisu da ya shigo gaishe ni. Ya ga abin da ya yi makonni yana nema a rataye a jikin ubansa, kusa da shi har zai iya taɓawa. Ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Daga nan na ga kafaɗunsa na rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa, don hamilar ta yi mini tsawo, kuben na jan ƙasa. Tun ranar rigimar ban ga haƙoran yaron nan ba sai ranar.

Ba ka tsaya nan ba. Da ƙafarka ka je Zangon Ado ka gayyace su biki, ka san kuwa ba a ƙin gayyatar maƙwabci, kuma ba a taɓa baƙon ango. Suka zo da ƙoren nono da rago, Hudaifa a cikinsu da hannu a rataye. Aka zauna a ƙofar gida, namu a gefe, nasu a gefe, kowa na kallon tabarma. Sai ka gyara murya ka ce za a yi labari kafin abinci. Ka riga ka gaya wa Fati kada akushi ɗaya ya fito sai ka gama. Ƙamshin miya na dukan hanci, ba mai iya tashi, kai kuma ka tsallake sara da suka, ka fara daga wutsiya. Ka ba da labarin wasu garuruwa biyu da suka yi faɗa a kan rijiya, ka bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya, wa ya rasa ɗa, wa ta rasa miji, har aka wayi gari rijiyar na nan cike ba mai jan ruwa. Ranar ce kaɗai samarin Tudun Gawo suka ji labarinka har ƙarshe.

Da aka kawo tuwo, ka tsara zaman yadda Salisu da Hudaifa suka faɗa akushi ɗaya. Hudaifa ya ce shanunsa ne suka yi ɓarna, ya san haka, kuma a shirye yake ya biya abin da manya suka yanke. Da Salisu ya ga mutumin na fama da loma da hannun hagu, akushin na zamewa, sai ya sa hannu ya riƙe masa shi. Lokacin da ranar sulhu ta zo a Dungas, manya sun tarar an gama musu aikin.

Na je duba ka cikin jinyar nan, na tarar ka rame, amma bakin na nan. Ka tambayi Mariya, ka ce ko har yanzu tana haƙuri da bawanka. Na ce ubangidanka na gaishe ka. Ka yi dariya har tari ya kama ka, sannan ka ce in gaya wa Habibu ɗanka kada ya bar takobin ya kwana a gida in akwai ango a karkara. Da na tashi tafiya ka riƙe hannuna ka daɗe ba ka saki ba. Ban saba da haka daga gare ka ba, na fito ina share ido da hannun riga.

An yi jana'izarka bayan azahar. Mutane sun zo daga Guci da Sassumbrum da Dungas, a ƙafa da kan babura, yawancinsu angwayenka ne na shekaru daban-daban. Mutanen Zangon Ado sun zo gaba ɗayansu. Da aka zo saka ka, Salisu ya nemi izinin Habibu ya shiga kabarin, Hudaifa ya bi shi, su biyu suka karɓe ka. A hanyar dawowa Salisu ya matso kusa da ni ya ce, a hankali, da takobin nan ya fito a wancan lokaci, da yau ba ya cikin masu tafiyar nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Fati, wadda ta yi zaman shekara arba'in da ɗoriya da kai tana sauraron yaƙi safe da yamma ba ta gaji ba. Ina yi wa ƴaƴanka Habibu da Zulai da ƙannensu da jikoki, da mutanen Tudun Gawo da na Zangon Ado, da duk wanda ya taɓa jiran riga a rumfarka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Ubangiji, ka gafarta wa bawanka Maina, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa, ka sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya garuruwa biyu. Ka sa ɗinkin marayu da jinin da ya hana zuba su tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.

Yanzu da nake rufe wannan rubutu, Maina, Salisu na gona yana noma. In rana ta yi sanyi zai dawo da hauya a kafaɗa, ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, Baba, barka da yamma, ni kuma in amsa masa. Kai ka bar mini wannan gaisuwar. Na gode, ɗan kawuna. Allah ya jiƙanka.